Haskaka fatar mai talla a hoto: gwanintar sana'a ce ko ha'inci?

Maman_Hanifa_BK
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga 'yan kasuwar wannan zaure da masu ɗaukar hoto da kuma malamanmu. Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Birnin Kebbi, ko ya duba shafukan masu sayar da abaya da mayafi da kayan kwalliya a Facebook da WhatsApp, zai lura cewa kusan duk fuskokin da ke jikin fosta farare ne tas, alhali mafi yawan matan da ke shiga shagunan baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa. Wasu hotunan na Larabawa da Indiyawa ne da aka kwaso daga intanet, wannan kowa ya sani. Wanda ya fi damuna shi ne na 'yar gida, an san ta an san iyayenta, an sa mata kayan an ɗauke ta, amma ba za a buga ba sai an wanke fatarta a kwamfuta an kuma tsuke mata hanci. Ni mayafai nake sayarwa, kuma mai haɗa mini fosta ya ce idan bai yi haka ba kaya ba za su tafi ba. Shin wannan gwanintar sana'a ce kawai, ko kuwa ha'inci ne?

AbuMaiHoto
Wa alaikumus salam Hajiya. Wannan sana'ata ce, saboda haka bari in fara da cewa gyaran hoto iri biyu ne, kuma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Akwai gyaran haske, wanda ya zama dole. Idan aka ɗauki baƙar mace sanye da farin leshi a cikin shago mai ƙwan fitila ɗaya, kyamara za ta auna hasken ne da farin leshin, sai fuskar ta dushe har a kasa bambance ido da gira. Idan na ɗaga hasken fuskar a wannan hali, na mayar da ita ne yadda ido yake ganinta. Matsalar ma tsohuwa ce. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda da shi ake daidaita launi a inji, kuma sai a shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Na biyun shi ne wanda kike magana a kai, inda ake zagaye fuska da wuya da hannu a Photoshop a sauya launinsu gaba ɗaya. Wannan kuwa ba mu muke ƙirƙiro shi ba. Mai kaya ce take dawo da hoton ta ce a ƙara wa yarinyar haske, kuma idan na ƙi, ƙafarta ƙafar shagon gaba.

Telan_Jega
Malam Abu, ka bar wani abu da mu teloli muke kwana da shi. Yawancin masu haɗa fosta ba su da haƙurin zagaye fuska ita kaɗai, suna ɗaga hasken hoton ne baki ɗaya, don haka launin yadin ma yana sauyawa. Mace za ta zo mini da hoto a waya, shadda ruwan omo mai sanyi a jikin farar yarinya, ta aika kuɗi an kawo mata ta mota, ta kwance leda a gabana sai ga shuɗi mai duhu. Ko da an bar launin yadin yadda yake, akwai sauran magana, domin ruwan hoda da ya zauna a jikin farar mace dabam yake fitowa a jikin baƙa, wani lokaci ya fi kyau, wani lokaci ya kashe ta. Mai saye tana auna kaya ne da fatar da ta gani a hoto, kuma idan fatar ba ta kowa ba ce, to da me ta auna? A ƙarshe ni ake zargi da ɓata ɗinki.

DanKamba
Wannan abu ba a kan ƙananan 'yan kasuwa ya fara ba. A 2009 kamfanin Microsoft ya yi amfani da hoto ɗaya a shafinsa na Amurka da na ƙasar Folan, mutum uku zaune a teburin taro, ɗaya daga cikinsu baƙar fata. A shafin Folan sai aka cire kan baƙin aka ɗora na Bature, amma aka manta da hannunsa, ya zauna baƙi a kan tebur. Da hannun aka gane, kamfanin ya nemi afuwa. Ina kawo wannan ne domin a nan ma ta hannu ake kama su: ku duba gaɓoɓin yatsu da guiwar hannu a fostocin kasuwa, za ku ga fuska Balarabiya, hannu kuwa na Bakabiya. Haka kuma kowa ya tuna tallan sabulun Dove na 2017 da ya nuna baƙar mace ta yi wanka ta koma Baturiya.

Bazuriya
Malam na Kamba, maganar Microsoft haka take, amma tallan Dove yana bukatar gyara kaɗan. Babu wanka a cikinsa. Ɗan gajeren bidiyo ne da aka sa a Facebook a watan Oktoba na 2017: baƙar mace ta cire riga sai Baturiya ta bayyana, ita ma ta cire tata sai mace ta uku ta bayyana, mai wani launin daban. Hoton da ya yaɗu ya tsaya ne a kan biyun farko. Baƙar matar, Lola Ogunyemi, wadda asalin iyayenta 'yan Najeriya ne, ta rubuta a jaridar Guardian ta Ingila cewa ba ta ɗauki kanta wadda aka zalunta ba, ko da yake ta fahimci dalilin fushin mutane, tun da tallan sabulu yana da tsohon tarihin nuna baƙi a matsayin datti. Kamfanin ya janye tallan ya ba da haƙuri.

Ni wanda ya fi ci mini rai a waccan shekarar ta 2017 shi ne na Nivea, domin mu aka yi wa shi, ba Turawa ba. An ɗauki Omowunmi Akinnifesi, wadda ta ci gasar sarauniyar kyau ta Najeriya a 2005, aka nuna tana shafa mai fatarta tana yin haske a kan idon mai kallo, aka kafa allunan a Najeriya da Gana da Kamaru da Sanagal. A nan babu wanda zai ce kuskuren fahimta ne, alkawarin da ake sayarwa ke nan. Ni daga Zuru nake, mu baƙaƙe ne tun kakanni, kuma na girma ban taɓa ganin fuska irin ta mahaifiyata a jikin kwalin sabulu ko kwalbar mai ba.

Alhaji_MaiAtamfa
'Ya'yana, ni na daɗe a kasuwa, tun ana sarin kaya daga Kantin Kwari da Kwatano ba tare da wani hoto ba, kuma zan faɗi abin da ba za ku so ba. Ɗan kasuwa ba malamin tarbiyya ba ne, abin da jama'a suke so shi yake kasawa. Wane ne ya ce farar mace alkyabbar mata? Wane ne ya ce farar mace lantarkin gida? Microsoft ne ko Nivea? Kakanninmu ne suka faɗa, tun ba a san kwamfuta ba. Ku je ku ji yadda ake kwatanta amarya a gidan biki, abu na farko da ake tambaya fara ce ko baƙa. Idan Hajiya ta sa baƙar yarinya a fosta, maƙwabciyarta ta sa fara, kuma ciniki ya koma can, wa zai biya mata kuɗin haya? A gyara zukatan mutane tukuna, fosta za ta gyaru da kanta.

Bazuriya
Baba Alhaji, da girmanka, amma idan gaskiya ne jama'a farar mace suke so, ai fararen mata ba su ƙare a Kebbi ba, Gwandu da Birnin Kebbi cike suke da su. A ɗauki fara a biya ta. Abin da Hajiya ta tambaya shi ne a ɗauki baƙa a mayar da ita fara, kuma wannan ba bin ra'ayin jama'a ba ne, ƙirƙirar mutumin da babu shi ne.

Malam_Gwandu
Bismillahir Rahmanir Rahim. Tambayar Hajiya tana da fuska biyu, kuma ina ganin tela ya riga ya taɓo ta farko. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa a ciki sai ya ji danshi, mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya ce me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama ba domin mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ma'aunin a nan shi ne ko an ɓoye wa mai saye wani abu game da hajar da zai sauya shawararsa. Idan gyaran hoton ya sauya launin yadi, wannan algus ne a fili. Idan man shafawa ne ko hoda ko sabulu, kuma aka haskaka fatar mai tallan domin a ce man ne ya yi aikin, wannan ya fi muni, domin fatar ita ce shaidar da aka kafa, kuma shaidar zur ce. Idan kuwa mayafi ne, launinsa bai sauya ba, fuskar kawai aka taɓa, to ba zan yi gaggawar kiransa algus a ciniki ba, amma akwai fuska ta biyu. A Suratur Rum, aya ta 22, Allah ya lissafa saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinsa, tare da halittar sammai da ƙasa. Wanda ya kalli launin baiwar Allah ya ga aibi ne da ya kamata a goge, ya kamata ya tambayi kansa daga ina ya samo wannan gani. Allah ne mafi sani.

Jinya_Argungu
Allah ya saka wa Malam da alheri. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina so in faɗa wa Baba Alhaji inda fostar take ƙarewa. Yarinya ta ga ƙawarta da ta sani baƙa ta fito fara a allon shago, ba za ta ce kwamfuta ce ba, za ta ce wane mai take shafawa. Daga nan sai wurin masu haɗin mai, waɗanda ke zuba maganin kumburin fata mai ƙarfi, irin wanda likita ke rubutawa na 'yan kwanaki, a cikin man shafawa na kullum, wani lokaci har da sinadarin makuri. Abin da muke gani bayan shekaru shi ne fata ta yi siriri har jijiyoyi suna bayyana kore, nankarwa a hannu da cinya, kumatu sun ƙone sun yi baƙi fiye da da, kuma idan aka yi wa mace tiyatar haihuwa ɗinkin ya yi ta jinkirin kamewa. Makurin kuma ƙoda yake taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo a wata takarda ta 2011 cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da mayukan haskaka fata, kuma a 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne uwaye da suka fara shafa wa jarirai.

Alhaji_MaiAtamfa
'Yata, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da kika faɗa ba, na ga irinsu da idona. Amma kashi 77 ɗin nan, a ce mata uku cikin huɗu har da na ƙauyukan Bagudo da Suru da ba su da kuɗin man gyaɗa? A birane dai na yarda. Kuma bilicin ya riga Photoshop zuwa ƙasar nan da shekaru masu yawa.

Lauya_Yauri
Game da doka, domin na ga ba a taɓo ta ba. Hukumar kula da tallace-tallace ta Najeriya, ARCON, ta hana amfani da baƙin ƙasashen waje a matsayin masu fitowa a talla ko masu ɗora murya, daga ranar 1 ga Oktoba, 2022. Wannan ya taɓa rabin farko na koken Hajiya, wato fuskokin waje, ko da yake a aikace manyan kamfanoni masu talla a talabijin da manyan alluna ya fi shafa, domin fostar ƙofar shago da hotunan WhatsApp sun fi ƙarfin sa ido. Rabi na biyu kuwa hanin bai kai gare shi ba, tun da 'yar Najeriya ce aka ɗauka, sauya ta kawai aka yi. Ƙasashen da suka taɓa wannan ɓangare ba hana gyaran suka yi ba, tilasta bayyana shi suka yi. A Faransa, tun Oktoba na 2017, hoton talla da aka rage ko aka ƙara ƙirar jikin mai tallan dole a rubuta a jikinsa cewa gyararre ne, in ba haka ba tarar Yuro 37,500 ce, tana ma iya wuce haka, amma dokar ba ta ambaci launin fata ba. Ta ƙasar Nowe, wadda ta fara aiki a Yuli na 2022, ita ce ta haɗa har da fata. A ganina wannan hanya ta yi kusa da abin da Malam ya kawo, wato a sa jiƙaƙƙen a sama.

Uwargida_Bunza
Ni fa ina ganin mafita mai sauƙi ita ce a daina sa fuska gaba ɗaya. Ai a 2021 Hisbar Kano ta hana teloli da masu shaguna amfani da mutum-mutumi mai kai. A rataya mayafi a ɗauke shi shi kaɗai, ko a yanke hoton daga wuya, an huta da maganar fari da baƙi, an kuma huta da baje kolin fuskokin 'ya'yan mutane.

Telan_Jega
Uwargida, mutum-mutumin da ake kawowa daga Caina, mai kai da marar kai, kin taɓa ganin baƙi a cikinsu a kasuwanninmu? Kusan duk farare ne ko ruwan madara. Kuma ko an yanke fuska, hannu yana nan, musamman ga masu tallan lalle da zobe da awarwaro, waɗanda su ne suka fi kowa wanke hannu a kwamfuta domin jan lalle ya fito.

DanKamba
Cire mutum daga hoto ma yana da nasa tarihin. A 2012 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya goge mata daga kundin tallansa na Saudiyya, aka bar uba da yara a hoton da asalinsa har da uwa, daga baya ya ce ya yi nadama. Akwai kuma akasin abin da muke tattaunawa, wanda yake nuna cewa matsalar ba ta tsaya a fifita fari ba. A shekarar 2000 Jami'ar Wisconsin ta Amurka ta ɗauko fuskar wani ɗalibi baƙar fata ta liƙa a cikin taron fararen 'yan kallon wasa a bangon littafin neman shiga makarantar, domin a ga kamar tana da kowane jinsi, alhali bai halarci wasan ba. Da asiri ya tonu sai da aka sake buga littafin. A 2023 kuma kamfanin wandunan Levi's ya sanar cewa zai gwada masu talla da kwamfuta ta ƙirƙira domin mai saye ya ga kaya a jikin launuka daban-daban, mutane suka ce masa idan baƙaƙe yake so ya ɗauki na gaske ya biya su. Can ana ƙara baƙi na bogi, nan ana goge na gaske, kuma a duka biyun wanda ake amfani da kamanninsa ba shi ne ke cin riba ba.

AbuMaiHoto
Wannan na ƙarshe ya riga ya iso mu. Yanzu da waya kaɗai mai shago zai ɗauki abaya a rataye, manhaja ta ƙirƙiro masa mace ta saka mata, kuma idan bai faɗi launi ba, yawanci fara take fitarwa. Nan gaba kaɗan ba ni za a zarga ba, domin ba za a zo wurina ba.

Maman_Hanifa_BK
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Allah gafarta Malam, na fahimci cewa a mayafi, matuƙar launinsa bai sauya ba, ba ka kira shi algus kai tsaye ba. Sai dai maganar tela ta tsaya mini, domin mayafi a gefen fuska yake zama, kuma mace tana zaɓensa ne saboda yadda zai haska fuskarta. Idan na sauya fuskar, anya ban sauya bayanin mayafin ba, ko da zarensa ɗaya ban taɓa ba? Baba Alhaji kuma, ban raina maganar haya ba, ni ma ita nake tsoro.

Malam_Gwandu
Hajiya, idan a al'adar masu sayen mayafi dacewarsa da launin fuska yana cikin abin da ake biyan kuɗi dominsa, to hujjarki tana da ƙarfi, kuma ku 'yan kasuwa kun fi ni sanin wannan al'ada.

Alhaji_MaiAtamfa
To ga azumi yana tafe, lokacin da mayafi ya fi tafiya. Ki buga fosta biyu, ɗaya gyararriya ɗaya yadda Allah ya yi yarinyar, ki ga wadda aka fi tambayar kayanta. Idan baƙar ta yi ciniki, ni ma zan sauya nawa. Amma ki ba Abu kuɗin aiki mai kyau, domin baƙar fata a mummunan haske ba za ta yi wa kowa talla ba.

AbuMaiHoto
Ba ma sai kuɗi mai yawa ba, Alhaji. A fito da ita daga cikin shago zuwa inuwa da hantsi, a sa yaro ya riƙe farin kwali a gefen fuskarta ya mayar mata da haske, a guji farin bango a bayanta. Sheƙin da baƙar fata ke yi a irin wannan haske kwamfuta ba ta iya ƙirƙirarsa.

Bazuriya
Akwai wadda har yanzu ba a tambaya ba, ita ce yarinyar da ke cikin hoton. Yawanci ƙanwar mai shago ce ko 'yar maƙwabta, ladanta mayafi ɗaya ne ko ma babu, kuma ba ta ganin hoton sai ya hau allo. Wasu za su yi murna da sun ga sun yi fari, ban musa ba. Amma na san wadda ta amince a ɗauke ta, ba ta amince a sauya ta ba, kuma samarin unguwa suka riƙa tsayar da ita suna tambayar ina ta baro fatar fosta. Lauya, idan irin wannan yarinya ta ce a sauke allon, tana da hurumi, ko kuwa tun da ta tsaya gaban kyamara da yardarta magana ta ƙare?